Farantin da Ke Mita Ɗari Shida

Asabar, ƙarfe bakwai, can bayan Lamingo,
inda masu haƙar kuza suka bar rami suka tafi,
na kwanta rub da ciki a kan tabarmar roba,
ni Tanimu, mai gyaran agogo a Taminus,
da bindigar aro, da harsashi goma
da na ƙirga sau uku,
don kowane ɗaya cefanen yini ne.

Can gindin dutse sun rataye farantin ƙarfe.
Wai mita ɗari shida.
A idona bai kai maɓallin riga ba.

Tsofaffin hannu sun iso da akwatuna masu taya,
da na'urar auna iska, da littafin da ya sha gumi,
suna zance da lambobi kamar 'yan canji.
Mu sabbin shiga mu huɗu ne:
ni, da Nanret ma'aikaciyar jinya,
da Barau direban tirela,
da wani ɗan jami'a da hannunsa ke rawa
tun ba a miƙa masa komai ba.

Saje Dalyop mai ritaya ya tsuguna gabanmu:
"Me kuka zo nema?"

Barau ya ce, "Kofi."
Muka yi dariya, shi ma ya taya mu.
Nanret ta ce, "A gaya mini inda harsashina ya sauka.
Kar a ce kin kuskure a wuce.
Ciwon da ba a gani ba, yaya ake ɗaure shi?"
Yaron ya ce a ware mana namu layi,
kar a haɗa ɗan tsako tsere da shaho,
a matso da farantin, a ƙara mana minti.

Ni ban ce uffan ba.
Ta ina zan fara?
In ce na tashi a garin da wannan ƙara
ke nufin a kashe fitila, a shige ƙarƙashin gado?
In ce har yau in taya ta fashe a titin Bauchi
sukudireba kan suɓuce daga yatsuna?
Na zo ne in ji ta sau ɗaya da rana,
da izini, da lamba a ƙirji,
kafaɗa da kafaɗa da wanda sunansa ba irin nawa ba,
kuma a ƙarshen hanyarta babu kowa
sai ƙarfe.

Saje ya ce, "Bar farantin tukuna, karanta ciyawa.
Iskar Jos ba ta da alkawari,
nan ta yi gabas, bakin ramin ta sake shawara.
Ja numfashi. Saki rabi.
Kunama ba a fizgarta, lallashinta ake,
kamar yadda kake taɓa cikin agogon mutane."

Na farko ya tone jar ƙasa, taku biyu hagu.
Nanret, ido a madubi, ta ce, "Hagu, ƙasa kaɗan."
Na biyu, hagu.
Na uku ban san inda ya nufa ba, don na rufe ido.
Na huɗu, na biyar, na shida,
cefanen mako yana shiga dutse.

Na bakwai ciyawa ta tsaya cak.
Na matsa.
Sai shiru.
Ni da ke cin abinci da daƙiƙa
ban taɓa sanin tana da faɗi haka ba,
har mutum ya zauna cikinta ya tuna uwarsa.
Sannan, siriri, daga nesa,
kamar cokali ya taɓa kofin shayi:
ƙwal.

Ɗaya cikin goma. Na biyun ƙarshe.
Nanret ta sami uku, ta hana mu sakat.
Barau bai ga kofi ba, shi ya saya mana masa.

Kwanson na bakwai yana kan teburina yanzu,
tsakanin batura da ƙananan kusoshi.
Jiya taya ta fashe a bakin kasuwa.
Na ɗaga kai, na duba,
na ci gaba da ɗaura allurar minti.